Abin da Raliya Ta Ƙi Faɗa wa Mahaifinta

Ranar kasuwar Talata Mafara Raliya ta fara ganinsa. Ita nas ce, an turo su rumfar mahauta su duba masu tari. Kowa ya noƙe, sai wani dogon saurayi, Sufyanu, ya ajiye wuƙa ya matso.

"Malama, ki duba ni, ko don in ƙara ganinki."

Ba ta yi dariya ba. Ramar wuyansa take kallo.

Gwaji ya nuna tarin fuka. Ta sa ya huta da rumfa, ta gwada tsohuwarsa da yaran gidansu, shi kuma kullum da safe ya zo ya haɗiyi magani a gabanta. A wannan zirga-zirgar so ya kama su. Abu ɗaya ya roƙe ta, kada kowa ya ji. Mahaucin da aka ce yana tarin fuka, wa zai sake sayen namansa?

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Malam Magaji ya kira ta.

"An ce kullum yaron ga shina asibitinku. Wace cuta gare shi?"

"Baba, ka gafarce ni. Amana ce."

"Ni za ki ɓoye ma? To cutar da ba a faɗin sunanta ba ta shiga zuriyata. Ga Shafi'u na Bakura ya daɗe shina aiko neman aurenki."

Ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta tura wa Sufyanu saƙo:

"Sanyin idona, Baba ya tambaye ni ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Ko an raba mu, don Allah kada ka bar maganinka."

Washegari bayan la'asar Malam Magaji na zaune ƙofar gida da dattawan unguwa, sai ga Sufyanu. Ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo.

"Baba, tarin fuka ne. Ni na hana ta faɗi, don tsoron kasuwata. Ina shan magani, an ce yanzu ban harbin kowa. Laihina ne, ba nata ba."

Rabin dattawan nan a hannunsa suke sayen nama.

Malam Magaji ya dube shi. "Tashi, ɗana. Ƙare maganinka, ka turo magabatanka."

Labari ya zaga gari, wasu suka ƙaurace wa rumfarsa, kuma ba duka suka dawo ba. Ya ji zafi, amma bai yi nadama ba.

Da ya warke aka ɗaura aure. Za a kai amarya, ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. Ya dafa kanta.

"Rannan kin ɓata mani rai, ɗiyata. Amma in ciwo ya kama ni, ke za ki duba ni. Tahi, Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zaman lahiya."