Wanda Ya Sauke Akwatin Shabaka

Bayan saukowa daga Juma'a aka kawo ƙarar. Akwatin shabakar da hukumar gari ta ɗaura a kan turken ƙarfe a wata unguwa bayan kasuwar riɗi, wanda kowa ke shiga intanet da shi kyauta, ya ɓace. Kafin Sufeto Husain ya sa takalmi, matasan unguwa sun jawo wani ɗan ƙwadago mai suna Haladu, sun ce shi ne ɓarawon.

Sufeto ba ya son ɓarawon da aka kawo masa a dafe.

"Ina kake lokacin salla?"

"Masallaci, janabu," in ji Haladu. "Don Allah a sake ni. Gobe da safe motar gonakin Gadambaliya za ta tashi. In ta bar ni, yankan riɗin bana ya wuce ni, iyalina kuma shi suke jira."

"Wane masallaci?"

Haladu ya kalli ƙasa. Sufeto ya ce a kulle shi.

A gindin turken ya tarar da Muhandisa Manal, injiniyar da ta tsara inda za a kafa akwatunan. Ta ce akwatin ya mutu ƙarfe ɗaya da minti arba'in.

"Ɓarawo fizga yake yi," in ji Sufeto, yana kallon sama. "Wannan kwance nocin aka yi ɗaya bayan ɗaya. Me ya sa kika kafa shi nan?"

"Taswira ta nuna nan ne tsakiyar unguwa."

"Taswira ta gaya miki gidan wa ke jingine da shi?"

Ba ta sani ba.

Ya duba ƙasa. An yi ruwa daren jiya, baƙar laka ta riƙe sawun kowa, amma babu sawun tsani. Ya taɓa turken, koren fenti ya biyo yatsansa. Shekaranjiya aka shafa shi.

Hajjo mai shayi tana tsallaken hanya tana fifita gawayi.

"Ni ban ga komai ba, ɗana."

"Ban tambaye ki ba tukuna, Hajiya."

Ta yi tsaki. "To Haladun nan dai nan ya zauna, bai je salla ba. Matarsa yake kira a bidiyo. Wai sai maza sun watse shabaka ke gudu."

"Ya hau turken?"

"Da wane ƙarfin? Yana bayan kantin can yana washe baki kamar sabon ango."

"Gidan wa ne wannan?"

"Na marigayi Naziru. Matarsa Ummuhani na takaba, yayanta Wada ke kula da gidan." Ta mayar da kai kan gawayinta.

Sufeto ya yi sallama. Wada ya fito, dattijo ne kakkaura, ya tare ƙofar da jikinsa.

"Gidan takaba ne, janabu. Namiji ba ya shiga."

"Ba shiga na zo yi ba. Ka je Juma'a?"

"Sahun gaba."

"Da wannan rigar aikin?"

"Jallabiyata na wanke."

"Ranar Juma'a, da rana tsaka? Kawo ta."

Wada ya daɗe a ciki. Da ya miƙo ta, tana ɗigar ruwa. Sabulu ya yi iya yinsa, amma koren fenti na nan daga ƙirji har ciki.

"Liman ne ya shafa maka wannan a sahun gaba?"

Wada bai yi dariya ba. Ya koma, ya fito da akwatin naɗe cikin buhun dawa, nocinsa huɗu ƙulle a leda.

"Ga shi. Ko ƙwarzane babu. Ta cikin gida na sa tsani."

"Don me?"

"Don me? Tun da aka kafa abin nan, ƙarti talatin ke kwana jikin bangonmu, wasu har bisa katanga wai a can ya fi kamawa. Ƙanwata ba ta iya fita tsakar gida ta yi alwala. Mijinta bai yi arba'in a ƙasa ba, ana kallon ƙwallo ana ihu a kanta. Sau uku na je ofishin hukumar gari, sau uku ana ce mini in rubuto takarda. Ni na iya rubutu?"

Muhandisa Manal ta karɓi buhun daga hannunsa.

"Da aka ja Haladu ana dukansa fa?" in ji Sufeto. "Kana ina?"

Nan muryar Wada ta sauka. "Ina bayan ƙofa. Na ji. Wannan kam na ci amanar bawan Allah."

Sufeto ya kira ofis a waya, ya ce a saki Haladu yanzu, a kai shi tasha ya sa sunansa a motar gobe. Sannan ya nuna wa Wada hanyar ofis.

Wada ya juya ya ɗaga murya ta saman katanga. "Ummuhani, sa sakata. Ki fito ki sha iska, babu kowa."

Ya miƙa wa Sufeto hannayensa biyu.