Guntun Zanen Murjanatu

Rana ta take tsaka, ƙasa ta yi zafi kamar tanda, amma Murjanatu na durƙushe a bayan zanar asibitin soja da ke gefen Jega, tana leƙe ta wata 'yar kafa, hawaye na bin kumatunta. Asibiti! Suna ne kawai. Doguwar rumfar ciyawa ce, ƙudaje sun fi majinyata yawa, warin gyambo kuwa tun daga bakin hanya yake tarar mutum. A ciki mijinta Sabi'u yake kwance bisa keso, sojan da ya dawo daga yaƙin Jamus da raunin harsashi a ƙwauri wanda ya ƙi rufewa. Shi kaɗai ta mallaka a duniya, don marainiya ce, uwarta ba ta bar mata komai ba sai zanen saƙi guda, rinin shuni, wanda ke jikinta.

Likita Bature sai a yi watanni bai leƙo daga Sakkwato ba, saboda haka rayukan bayin Allah suna hannun Maccido, ma'aikacin da aka sa ya riƙa wanke miki. Wanki fa? Ko ruwa ba ya ba mutum sai ya ga dama! Farin yadin ɗaure rauni da gwamnati ke aikowa, ba majinyacin da ya taɓa ganin ƙyallinsa. Kuma ya kafa doka: mace ba ta shiga, wanda aka kama da wani abu daga waje, a yi masa bulala a jefar da shi bakin hanya.

"Murja," in ji Sabi'u da muryar da ba ta fita sosai, "tsutsa ta shiga ƙahwata... jiya an hidda gawar Ummaru na Aliero, nashi bai kai nawa ba. Koma gida, kak ki ga ƙarshena."

"In koma wurin wa?" ta ce, tana kuka. "Wallahi ba ka mutuwa ina da numfashi, sai in kwananka sun ƙare!"

Nan take ta sa haƙori ta yage bakin zanen uwarta. Ta tafasa tsumman da gishiri, ta tura masa ta kafar zana. Shi kuma Sabi'u mai tausayi ne, ba ya iya ɗaure nasa ya bar na kusa da shi yana nishi, sai ya raba. Kullum ta tako daga ƙauyensu Kimba da ƙafa, ta karɓi masu ruɓa ta wanke a gulbi, ta sake yago sabo. Zane ya yi ta hawa, daga idon sawu ya kai ƙwauri, daga ƙwauri ya doshi gwiwa.

Wayyo duniya! Bakin mutane ya buɗe. Matan rijiya suka riƙa tafa hannu: ga matar bariki, miji na kwance ta koyi ɗaurin zane irin na karuwai. Mu'azu, wan mijinta, wanda dama idonsa na kan rumbun ƙanensa, ya samu abin da yake nema. Ya kwashe hatsin rumbun, ya watso mata tukwanenta waje a gaban jama'a.

"Kin kunyata mu! Dubi ƙahwahunki waje! Mi kika yi bariki kullum?"

"Yaya, ka ji tsoron Allah..." in ji Murjanatu. In ta tona gaskiya magana za ta kai kunnen Maccido, a jefar da Sabi'u. Ta haɗiye, ta koma kwana a rumfar kasuwa, tana cewa, "Ya Allah, Kai ka san abin da ke ƙarƙashin wannan zane, Ka isar mini."

Ana nan sai labari ya zo likita na tafe. Maccido ya ga asirinsa zai tonu, don mutane sun mutu da yawa, yadi kuma babu. Da safe ya zagaya bayan zana, ya cafke ta da tsumma a hannu, ya ja ta har gaban likita da tafintansa, a filin da 'yan kasuwa suka taru kallo.

"Ranka shi daɗe, ga ɓarauniyar! Ita ta sace yadin gwamnati, ita ka turo ƙazanta tana kashe muna mutane. Mijinta na ciki, a hidda shi yau!"

Jama'a suka ɗauki sowa. Likita ya ɗaga hannu a kawo bulala, Murjanatu ta runtse ido tana salati... sai aka ji kururuwa daga bakin rumfa. Sabi'u ne, yana jan ciki a cikin turɓaya, bayansa sauran majinyata, mai dogara sanda da mai rarrafe.

"A dube mu! A kwance ƙahwahunmu a gani!"

Likita ya durƙusa ya kwance na farko, shuɗin tsumma. Na biyu, shuɗi. Har na ƙarshe ba fari ko zare ɗaya, saƙa iri guda, shuni ya rine musu fata, raunukan kuma sun soma kamewa. Ya ɗauki tsumma ɗaya ya kara da yagaggen bakin zanenta, suka haɗu daidai.

Sai wata tsohuwa mai tallan albasa ta kutso. Azumi ce, uwar Ummarun da ya rasu. Ta kwance wani farin ƙyalle daga ɗamararta, ga tambarin gwamnati a jiki, mai kama da sawun kaza.

"Ga sauran yadin gwamnati nan! Wanga azzalumi ya saida min shi likkahwani, ran da ni zo ɗaukar gawar ɗana. Yadin da za a ɗaure mai ciwo shi rayu, da shi ni rufe shi! Allah ya isa, Maccido!"

Har tafinta sai da ya share hawaye kafin ya juya maganar. Bulalar da aka kawo don marainiya a bayan Maccido ta ƙare, aka tuɓe masa kaki, aka tasa shi kurkuku da igiya a ƙugu, matan da suka yi sowa suna sunne kai.

Bayan damina aka sallami Sabi'u, yana ɗingishi amma da ƙafarsa. Sojojin da suka rayu suka rako su Kimba, kowa da turmin zane a ka. Mu'azu ya so ya sulale, dattawa suka tare shi, ya mayar da rumbu dami bisa dami. Sabi'u ya tsaya a bakin rijiya ya naɗe wandonsa, ya nuna tabon, shuni bai gama fita daga gefensa ba.

"Kun tambayi inda zanen matata yat tahi," ya ce. "Ga shi nan."

Murjanatu ta rungume guntun da ya rage a ƙirjinta, ta fashe da kuka. "Inna, zanenki bai ƙare banza ba."