Dodon da Aka Mayar Kunkuru

Ƙarfe tara na safe mai kamfanin buga littattafai ya kira ofishin 'yan sanda. An sace babin ƙarshe na wani littafin soyayya daga durowarsa.

Sufeto ya ɗauka wasa ne, har sai da ya iso ya tarar da marubuciyar zaune a ƙasa, fuska jage-jage da hawaye, mijinta na yi mata fifita da jarida.

"Malama, babu wani kwafin?"

"Da hannu na rubuta, Yallaɓai. Wata shida na yi a kansa. Gobe za a fara bugawa."

Ta yi masa bayani. Labarin ban dariya ne na wata gimbiya mai masoya uku: Sarkin Aljanu, Yariman Ruwa, da wani Dodon Kogo mai sanƙo wanda in ya yi minshari duwatsu ke gangarowa. A babin da aka sace ne za ta zaɓi ɗaya, kuma babu mahaluƙin da ya karanta shi.

Sufeto ya duba durowar. Ba a fasa ta ba, da makulli aka buɗe.

Ya tsare sakatariyar kamfanin.

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Ni. Bai taɓa barin jakata ba."

"Ko da minti ɗaya?"

Ta sunkuyar da kai. Ashe jiya ta bar jakar a kan tebur ta fita amsa waya, lokacin mijin marubuciyar na zaune yana jiran matarsa. Sufeto ya juya ya zuba wa mijin ido.

Mijin, dattijo ne mai gyaran agogo, ya yi dariyar yaƙe ya gyara zaman hularsa.

"Haba Yallaɓai! Ni ko layi ɗaya ban taɓa karantawa ba. Shirme ne kawai. Ina hankali a ce mutumin kirki, don yana minshari, a mayar da shi kunkuru?"

Marubuciyar ta miƙe zumbur.

"Baban yara, wa ya gaya maka an mayar da shi kunkuru? A babin ƙarshe kaɗai yake!"

Shi kansa Sufeto, da ya shekara ashirin yana kama ɓarayi, sai da ya saki baki.

Mijin ya cire hular a hankali, sanƙo ya bayyana yana ƙyalli.

"Ni ne dodon nan, ai na sani. Minsharina, tafiyata, har yadda nake hura shayi. Littafi na ɗaya da na biyu da suka fito ina haƙuri ana yi mini dariya, ina cewa a ƙarshe ni za ta zaɓa. Da na kai wurin kunkurun, zuciyata ta kasa ɗauka. Na ƙona shi a bayan shago."

"Ka karanta har ƙarshe?" matar ta tambaye shi.

"Me zan karanta kuma?"

"Saura shafi biyu fa!" in ji ta. "Gimbiyar ta kori aljanin, ta kori yariman, ta roƙi a mayar da ita kunkuru ita ma, don ba ta iya barci sai ta ji minsharinsa."

Hular ta faɗo daga hannunsa.

Mai kamfanin ya rantse ba zai janye ƙara ba. Sufeto ya taɓa kafaɗar dattijon, tausayi ya hana shi fito da ankwa.

"Mu je, Malam."

A bakin ƙofa dattijon ya waiwayo wajen matarsa, idanunsa sun yi ja.

"Za ki sake rubutawa?"

"Zan sake," in ji ta, tana share hawaye. "Amma yanzu ni ma ban san wanda za ta zaɓa ba."