Maganar Farko da Amarya Ta Ji

Ranar da aka kunna wa Amarya na'urar jin da likitoci suka dasa mata a kunne, Inna, uwar mijinta, ta cika falo da dangi. Tun da sanƙarau ya tafi da jinta suka saba yi mata magana da ihu, to ranar ma haka suka rufe ta da shi, kowa so yake a ce muryarsa ta fara ganewa. Ita kuwa ba abin da take ji sai kwaramniya, kamar ana zuba cokula a kwano. Kanta ya sara, ta cire ɓangaren na'urar da ke waje ta shige ɗaki tana hawaye.

Daga nan Inna ta sa mijin, Tela, a gaba: an tsaga kan yarinya a banza, gara ya rabu da wahala. Amarya tana karanta wannan a leɓen Inna, ta haɗiye.

Alhali likita ta ce sai ƙwaƙwalwa ta koyi sabon sautin, a bi ta sannu, mutum ɗaya-ɗaya. Wa ya saurara? Tela kaɗai. Kullum ya taso daga shago, baya a ƙage, sai ya kare bakinsa da ƙyalle don kada ta kalli leɓe, ya ce zare, allura, almakashi, ita kuma ta maimaita. Wata da watanni, ta ci wani ta faɗi wani. Wallahi ta gaji, shi ma ya gaji, har gyangyaɗi kan kwashe shi a tsakiyar kalma.

Wata safiya tana wanke kofuna a kicin, ta ba ƙofa baya, Inna ta tare ɗanta a bakin ƙofar. Da yake ba da Amarya take ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Ka sake ta kawai, ɗan nan. Ba za ta taɓa ji ba."

Kalma bayan kalma suka shiga, tar. Maganar farko ke nan da ta gane ba tare da ganin baki ba, kuma a rasa wacce sai wannan. Daɗi da ciwo suka haɗe mata a ƙirji. Ta ajiye kofin, ta juyo ta durƙusa.

"Inna, na ji. Duk na ji."

Tela ya jingina da bango, hawaye na zuba. Inna ta rasa inda za ta sa fuskarta. Sai ta kamo hannun surukarta, ta nemi gafara da murya ƙasa-ƙasa. Wannan ma Amarya ta ji, ta kuma yafe.

Sauƙi ba ya zuwa rana ɗaya. Duk mai jinyar nasa ya daure, kada gajiya ta sa ya yanke wa mutum hukunci ana gab da ganin haske.