Bazarar Zailani

"Haɗa kayanki, Zubaidatu, mu koma Samaru," in ji Goggo Kaltume, ƙanwar mahaifina. "Wannan ba aure ba ne kuma, jinya ce."

"Goggo, yana jin ki..."

"Ya ji mana."

Lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da fara shigowa Zariya ba, Sabon Gari duk bukkoki ne. Mijina Zailani, wanda sai yanzu da tsufa nake iya kama sunansa, dako yake yi a tasha. Da yamma yakan dawo mini da rake yana kwaikwayon kukan jirgi, in yi ta dariya. Ranar da dilar auduga ta faɗo masa a gadon baya, a kan ƙyaure aka kawo shi.

Ba rashin tafiyar kaɗai ba ne, jikin ne duk ya rikice. Daga ƙirji zuwa ƙasa ko ɗigon zufa babu. In na zaunar da shi jiri ya kwashe shi. Fitsari kuwa bai san taruwarsa ba, bai san zuwansa ba.

Ya kira ni a hankali, da sunan da shi kaɗai yake kirana. "Zubaina, bi Goggo. Ƙuruciyarki ba ta tabarma ba ce."

"Malam, da ni ce a kwance, tafiya za ka yi?"

Sai ga zufa ta keto masa a goshi, hanci ya toshe, ya dafe kai yana nishi. Na san alamar: mara ta cika. Na yi ta danna masa ita har fitsarin ya zo, ciwon kan ya lafa.

Ina ɗagowa na ga Goggo durƙushe, tana masa fifita da mayafinta.

"Kullum haka kike fama, ke kaɗai?"

"Wani lokaci, Goggo..."

Ta share ido. "Ina zan yi shimfiɗa?"

Ba ta koma Samaru ba. Tare muka yi ta juya shi, muna lulluɓa masa jiƙaƙƙen zane in rana ta take. Shi kuwa ya yi ta tsokanarta har ta yi dariya.

A bazara ta biyu zafi ya fi ƙarfin jikin. Da azahar ya riƙe hannuna ya ce, "Ruwan randar nan da daɗi, Zubaina. Ƙaro mini."

Kafin in dawo da moɗa, Goggo ta fara salati.