Kwana Goma Sha Tara na Joanna

Tamar na zaune bakin gado a gidan mijinta a Kwoi, tana ƙoƙarin shayar da jaririyarta. Yarinyar ta ja nono sau biyu ta saki, gumi ya tsattsafo mata a goshi, leɓɓanta sun yi shuɗi-shuɗi. Kwananta shida a duniya.

A tsakar gida surukarta, Mama Asibi, tana shanya citta tana ɗaga murya don a ji.

"Jinin gidansu ne. Daga Kagoma aka kwaso mana wannan."

Jiya Tamar da mijinta Gershon, malamin firamare, suka dawo daga Jos, inda asibitin Kafanchan ya tura su. Bayan an ɗauki hoton zuciyar jaririyar, likita ta zaunar da su.

"Ɓangaren hagu na zuciyarta bai girma ba," in ji ta. "Akwai tiyata, amma hawa uku ce: ɗaya cikin kwanakin nan, ɗaya bayan watanni, ta uku sai ta shekara uku ko huɗu. A nan ba ma yin ta, kuma ƙodarta ta fara gazawa, ba za ta jure doguwar tafiya ba. Ko inda ake yi, wasu yaran suna rayuwa, wasu ba sa kai wa ta biyu."

"In ba a yi ba fa, Dokta?" Gershon ya tambaya.

"Ku kai ta gida. Zan ba ku maganin da zai rage mata wahala. Kwanaki ne, ƙila makonni. Kuma ku ji ni da kyau — ba laifin kowa ba ne."

Amma Mama Asibi ba ta karɓi wannan ba. Ta tsare ɗanta a ƙofa.

"Ka mai da ta gidansu da abin da ta haifa. Ba za a mutu mini a gida ba. Suna ma ba za a yi ba."

Tamar ta dubi mijinta. Shi ne wanda ya yi shekara uku yana zarya Kagoma a mashin har iyayenta suka yarda. Yau ya sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri, Tamar. Kwana biyu kawai, har Mama ta huce."

Ya kai su Kagoma, ya ajiye jakarta, ya juya.

Har kwana huɗu bai zo ba. Uwarta, Emilia, ta ce, "Auren nan ya ƙare. Namijin da ya gudu daga 'yarsa?"

"Momi, tsoro ne. Bai taɓa ɗaukarta ba ma. Ki bar shi."

Tana faɗa tana hawaye, tana ɗiga wa yarinyar nono da cokali.

Rana ta biyar da hantsi sai ga Gershon da jakar kayansa. Ya durƙusa gabanta.

"Na ce wa Mama inda matata da 'yata suke, can ne gidana. Sori, Tamar. Na yi miki laifi."

Ta miƙa masa jaririyar, ta gyara masa hannu a ƙarƙashin kanta.

Ranar Lahadi fasto ya zo gida ya yi addu'a, aka raɗa mata suna Joanna. Suka riƙa karɓa-karɓa, in wannan ya gaji wancan ya riƙe. A kwana na goma sha tara, da la'asar, numfashinta ya yi ta raguwa a ƙirjin ubanta har ya tsaya.

Mama Asibi ta zo biso. Bayan mutane sun watse ta zauna a ƙasa kusa da Tamar.

"Ɗana na fari haka ya tafi, kafin Gershon. Aka ce ni ce, aka kore ni wata uku. Da na ga leɓen yarinyar nan, na kasa sake kallo. 'Yata, ki gafarta mini."

"Na gafarta, Mama. Da dai kin ɗauke ta ko sau ɗaya."

Tsohuwar ta rufe fuska da zaninta, ta yi kuka mai tsawo.

Bayan mako biyu ita da kanta ta zo ta tafi da Tamar Kwoi, kuma har ta tsufa ba wanda ya isa ya taɓa surukarta a gabanta.

Haƙurin Tamar bai tsawaita ran 'yarta ba, amma ya riƙe aurenta. Ciwon da aka haifi yaro da shi ba laifin uwa ba ne, kuma ranar baƙin ciki ce ake sanin mijin da ke ƙaunar matarsa.