Layi Na Ɗaya

Rana ta take aka bugo waya caji ofis, aka ce an yi sata a zauren da Kanari zai yi wasansa na bankwana da yamma. Sufeto ya ture kofin shayinsa, ya ɗauki hula, ya ce wa Kofur ya tayar da mota.

"Kanari dai mawaƙi?" in ji Kofur. "Yallaɓai, da waƙarsa na shawo kan matata."

"To yau ga ka ga shi, sai ka kai ƙara."

Zauren babba ne, kujeru a jere, babu kowa a kansu. A kan dandamali akwai ganguna, da jita biyu, da fiyano, da makirufo tsaye tsaye kamar masu jiran a ba su izinin magana. A gefe guda wata matashiya ce tsaye gaban teburin da babu komai a kansa sai wayoyi. Ita ce injiniyar sautin da kamfani ya turo don ɗaukar wasan.

"Me aka ɗauke?" Sufeto ya tambaye ta.

"Na'urar ɗaukar sauti, yallaɓai, mai layi goma sha shida. Da safe muka yi gwaji na ɗauka, muka fita cin abinci. Ko da muka dawo babu ita. Ta kamfani ce. In ba a gan ta ba, aikina ya tafi."

"An fasa ƙofa?"

"A'a."

"Waɗannan makirufon fa, ba su da daraja?"

"Guda biyu a cikinsu sun fi na'urar."

Sufeto ya lura tana magana hannunta bai tsaya ba. Sai ta ɗauki waya naɗaɗɗiya daga teburin ta warware, ta sake naɗewa, zagaye ɗaya gaba, ɗaya baya.

"Me ya sa kike warware abin da aka riga aka naɗe?"

Ta dubi hannunta kamar ba nata ba. "A gwiwar hannu aka naɗe su, kamar igiyar shanya. Haka ke kashe waya. Tun jiya nake yi wa makaɗan nan faɗa a kai."

"Haka kika same su?"

"Haka."

Sufeto ya dubi Kofur. "Ka taɓa ganin ɓarawon titi ya tsaya yana gyara wa mai gida ɗaki?"

Kanari na zaune a ɗakin shiri, dogon dattijo, mayafi naɗe a wuyansa. Da Sufeto ya yi sallama ya jefa masa tambaya, sai da ya juyo masa kunnen dama.

"Me ka ce?"

"Na ce wa kake zargi?"

"Ba kowa, kuma kowa." Muryarsa a dishe take. Ya ce ajiye ta yake yi don yamma. "Shekara da shekaru ina waƙa, ba a taɓa ɗaukar wasana yadda ya kamata ba. Wannan nake so in bar wa jikokina. Ka kamo min shi, Sufeto, ko da ciki ɗaya muka fito."

Mai ganga ya rantse da abin da zai kashe shi cewa tare da kowa ya ci abinci.

"Me kuka ci?"

Ya yi ta sosa ƙeya.

"Ciki ba ya mantuwa da wuri haka," in ji Sufeto. "Ina kake?"

"Bayan zaure, yallaɓai. Waya nake yi. Don Allah kar maganar ta kai gida."

"Ba gidanka aka aiko ni ba. Wa ka gani?"

"Auta ya shiga ta ƙofar baya. Ya ce tabarau ya manta."

Auta ƙanen Kanari ne. Furfura ta cinye masa kai, amma sunan bai sake shi ba. Shi ke kaɗa fiyano, shi ke amshi, kuma miksar da ke haɗa sautin zaure tana gefen hannunsa tun kafuwar ƙungiyar.

"Ina cikin mota ina hutawa," ya ce da Sufeto ya tambaye shi.

"Ba ka dawo ba?"

"Ban dawo ba."

"Tabarau fa?"

Ya taɓa wanda ke fuskarsa. "Au. Na leƙo, na ɗauka, na fita."

Sufeto ya koma wurin injiniya.

"Wa ya zaɓi wannan na'urar?"

"Ni. Na kawo musu bayanin iri biyu. Ƙaramar tana ɗaukar abin da ya fito daga miksa ne kawai, duk a gauraye. In ganga ta danne jita, shi ke nan, ba gyara. Wannan kuwa kowane makirufo da layinsa, tun kafin sautin ya isa miksa. Ina iya kashe kowa in bar mutum ɗaya."

"Kowa ya yarda?"

"Ban da Baba Auta. Ya ce ƙaramar ta ishe su, tsohon hannu ya fi daɗi. Har sai da Kanari ya tsawata masa."

"Kin saurari abin da kika ɗauka?"

"Ban samu ba. Fitilun layuka kawai nake kallo, kar wani ya wuce kima. Na ce musu bayan cin abinci zan kunna wa kowa layinsa shi kaɗai, ya ji kansa."

"Da wa za a fara?"

"Layi na ɗaya. Na Kanari."

Sufeto ya ce yana so a yi masa waƙa guda. Ya tura Kofur ƙarshen zaure, shi kuma ya hau dandamali, ya tsaya dab da kafaɗar Kanari kamar mai gadi.

Fiyano ya fara, ganga ta biyo. Sai murya ta cika zauren, mai taushi, mai hawa sama ba tare da wahala ba, irin wadda ke tuna wa mutum wanda ya taɓa so. Can baya Kofur ya lumshe ido, ya dafa ƙirji.

A inda Sufeto yake kuwa, abin da ke fita daga bakin dattijon iska ce da ɗan ƙaraji, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Kanari bai sani ba. Idonsa a rufe, kunnensa na dama a karkace ga ƙaramar lasifikar da ke gaban ƙafarsa, yana murmushi.

Sufeto ya juya. Auta ya manna baki da makirufon amshi, hannu ɗaya a kan fiyano, ɗaya a kan miksa, idonsa a kan leɓen yayansa, yana bin kowane numfashi.

Da waƙar ta ƙare, Sufeto ya zaga bayan labule inda aka jera jakunkunan kayan kiɗa. Ya ɗaɗɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Duk shafal, sai ta fiyano. Ya zuge ta. Na'urar na ciki, an lulluɓe ta da tawul.

Ya kira Auta gefe.

"Yaushe muryarsa ta tafi?"

Auta ya daɗe yana kallon jakar. "A hankali ta tafi. Kunnen ya riga ta. Da farko wuraren da ke sama kawai nake tallafa masa. Daga baya sai duka. Muryarmu ɗaya, ta mahaifiyarmu ce. Nakan sauke layinsa, in tura masa tawa a lasifikarsa, ya ji, ya ɗauka shi ne."

"Sauran makaɗan?"

"Kowa ya sani, ba mai cewa."

"Me za ka yi da na'urar?"

"Gobe zan mayar mata. Wasa ɗaya ya rage, yallaɓai. Ɗaya. Ya sauka yana Kanari."

"Ka bar yarinyar mutane cikin zargi."

"Na sani."

"An shigar da ƙara. Sai ka biyo ni ka ba da bayani."

Kofur ya fito da ankwa, ya dube ta, ya mayar aljihu.

Suna ratsa dandamali Kanari ya tare su. Ya dubi na'urar da aka riga aka mayar hannun injiniya, ya dubi ƙanensa.

"Auta? Kai? Me ka rasa a wurina?"

"Ban rasa komai ba, Yaya."

"To me ke cikinta da ba ka so a ji?"

Mai ganga ya sunkuya yana ɗaure takalmin da ba shi da igiya.

Kanari ya warware mayafin wuyansa, ya ja kujera kusa da babbar lasifika, ya zauna, ya juyo kunnen dama.

"'Yata, haɗa ta. Kunna min layina, ni kaɗai. Ki ƙara sauti sosai."

Injiniya ta dubi Sufeto. Sufeto ya gyara hularsa. Aikinsa ya ƙare a bakin jakar fiyano.

Su Sufeto da Auta sun kai tsakiyar kujeru lokacin da lasifika ta yi ɗan tari, alamar an haɗa waya. Auta, wanda tun ɗazu yake jan ƙafa, ya kama hannun rigar Sufeto.

"Yallaɓai," ya ce, "don girman Allah mu yi sauri."